Kyamarar Roba ta Ɗaga-Haɓa

Shekara talatin da ɗaya babanmu yana ɗaukar hoton fasfo a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Farin ƙyalle a bango, kujera ɗaya, madubi da mataji a rataye. Duk wanda ya zauna sai ya ji, "Ɗaga haɓa. Rufe baki." Har sunan ya bi shi. Ko mamanmu, in ya ɓata mata rai, Ɗaga-Haɓa take kiransa.

Da hannunsa ya soma rawa, hotuna suka riƙa fitowa dishi-dishi, bai jira an gaya masa ba. Ya rufe shagon ya dawo gida. Wata biyar yana gyara zaman kujerun falo, ya hana Mama sakat.

Ran nan na ja shi shagon gwanjo neman fitilar tebur. Ina waigawa na gan shi tsugune gaban wani kwando da aka jibge kyamarorin roba masu fim.

Mai shagon ya ce, "Baba, waɗannan ba na irinku ba ne. Idonsu ma roba ne, kayan wasa ne kawai."

Baba ya jawo kwandon kusa. Ya riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya, ya buɗe bayan kowace ya ɗaga ta saitin taga, ya kara a kunne ya latsa. Mai walƙiya ya ture ta gefe, wai ya gaji da kashe wa mutane ido. Wata kuma maɓallinta ya yi wa yatsansa ƙanƙanta. Daga ƙarshe ya riƙe wata koriya, marar nauyi, murfinta da ɗan tsagu.

Na ce, "Baba, haske zai shiga ta nan fa."

"Na gani, 'yar nan."

"Hoton zai ɓaci."

Ya ce, "Ni da ita duk mun ɗan taɓu. Ma lallaɓa juna."

Wani tsohon abokin sana'arsa da har yanzu yake wankin fim ya wanke masa na farko. Cikin hotuna talatin da shida, sha ɗaya suka fito. A ɗaya Mama ce tana shanya, jan haske ya ratsa zanin gadon, rabin kanta babu.

Ta ce, "Kai da ka ƙare rayuwarka kana daidaita kawunan mutane, sai nawa kan ka sare?"

Baba ya yi dariya har da tari. Ita kuwa ta saƙale hoton a jikin madubinta.

Yanzu kullum da hantsi yakan rataya koriyar ya fita. Ya liƙe rabin tsagun da baƙin salatif, rabin ya bar shi da gangan. Jiya ya ɗauki mai waldan layinmu yana tsakiyar aiki. Mutumin ya ture tabaransa sama ya ce, "Mu gani, Baba."

"Sai fim ya cika. Saura sha tara."

Mai walda ya ajiye ƙarfen hannunsa. "To tsaya in kira matata da yara, ya ragu."