Kafaɗar Da Kake Bi Na, Baffa Dardiri

Labarin rasuwarka, Baffa Dardiri, ya same ni ranar Laraba, sha ɗaya ga Sha'aban, ina tsaye cikin magudanar ban-ruwa, ruwa har ƙugu, ina lalubar injin babur da yatsun ƙafa. Ni na jawo wa kaina. Na rantse a bainar jama'a cewa ƙarfena ya bar shiga motarka, sai na sa aka ɗauro mini injin daga Alƙahira a kan rufin ƙaramar bas, da igiyar shanya. Ya yi doguwar tafiyar nan lafiya, sai da ya hango ƙauyenmu ya yi tsalle daga kan gada. Ɗana Rifa'i yana bakin gaɓa, waya a kunne, ya ce, "Baba, wai Baffa Dardiri ya rasu da asuba." Na ce na Allah ne mu, wurinsa muka nufa. A daidai nan na cicciɓo injin, ya suɓuce, ya sauka a kan ƙafata. Ko a mace sai da ka rama.

Shekara huɗu na yi a makaranta, uku daga ciki a aji ɗaya, don haka ban iya ta'aziyyar malamai ba, wadda a cikinta kowane mamaci waliyyi ne. Kai ba waliyyi ba ne. Harshenka ya fi ruwan batir ci. Tun ina saurayi nake gyaran babura, yara na ce mini Usta Fawwaz, wato Oga Fawwaz, amma ban taɓa jin sunan nan a bakinka ba. Jaki dai, ko jakin Allah idan ka tashi da fara'a.

Kai ne mai motar gawa da ke dawo da mutanenmu na Suhaj gida idan ajali ya riske su a Alƙahira: leburorin gini, masu gadi, masu tallan lemo. A ƙarƙashin inda makara ke zama ka ƙera akwati, a nan injunanmu da salansa da tankunan mai suke kwana. Kamfanonin dakon kaya, Allah ya isa, su auna nauyi su caje ka, su auna faɗi su ƙara, sannan su kawo maka tanki a lotse su ce haka suka karɓa. A jirgin ƙasa kuwa kowane ma'aikaci mai hula sai ka ba shi na shayi. Kai kuɗin mai kawai kake karɓa, shi ma ka cire wa masu gawa daga abin da za su biya. Da ba don kai ba, da tuni na rufe gareji na koma saran rake.

Amma wa ya ce arha ce? Ƙa'idojinka sun fi na barikin soja. A tsiyaye baƙin mai tas. A naɗe ƙarfe da buhu kada ya yi ƙara, domin a cewarka mai barci ne a sama. Sai masu gawa sun yarda. Sannan babbar: kowane kaya kafaɗa ɗaya. Duk ranar da ka kawo wanda ya daɗe da barin gida har ba mai tuna shi, za ka tsaya ƙofar gareji ka danna hon, in ajiye sifana in fito in ɗauki makara. Na ɗauki wata tsohuwa da ta ƙare rayuwarta tana wanke-wanke a gidajen masu kuɗi, mu biyar a bayanta har da kai. Na ɗauka cikin zafin da kare ma ya nemi inuwa. Ran nan ka kai ni ƙauyen gaba, na ga akwatin katako da gicciye a kai.

Na ce, "Baffa, wannan fa Kirista ne."

Ka ce, "Salansar da na kawo maka jiya, wane masallaci take salla? Kama nan, jaki."

Na kama. Katakon nan har yau yana gaishe ni idan sanyi ya shigo.

Abin da ya raba mu kuwa, ina nan a kan bakana. Mansur mai tumatir ya ajiye babur ɗinsa mai ƙafa uku a garejina yana jiran inji, kullum sai ya zo ya zage ni har kakana. Sau biyu kana barin injin a Alƙahira. Na farko ka ce dangin mamacin sun ƙi. Na biyu ka ce mamacin ƙato ne, mota ba za ta ɗauka ba. Na ce to ai shi ba sauri yake yi ba, tumatir ne ke ruɓewa. Ka cire takalmi ka bi ni har shagon mai shayi, kai da furfurarka. A nan na ce ka riƙe injin ka yi matashin kai da shi, na je na sayi wani don haushi. Shi ne wanda ya koyi iyo.

Ina da magana da mutanen garin nan kuma. Waɗanda idan suka hango ka da safe suke sake hanya wai ganin mai motar gawa baƙin jini ne, waɗanda ba su taɓa miƙo maka kofin shayi ba sai ranar da nasu ya kwanta a bayanka, su ne na ga sun cika rumfar makoki suna share ido. Ni dai a gabanka na zage ka, ka kuma rama da riba.

Bayan la'asar aka iso da kai daga Alƙahira, a cikin motarka, ɗanka Allam na tuƙi. Aka yi maka salla. Mutane suka yi ta karɓar makara daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ni kuwa ina biye a kan amalanken jaki, ƙafa a ɗaure kamar ƙunshin kayan amarya. Wani ya ce, "Ga jaki a kan jaki." Na san daga wurin wa ya koya.

Da aka dawo daga maƙabarta, Allam ya tsaya ƙofar gareji ya buɗe akwatin ƙasa. Injin Mansur ne, an tsiyaye shi tas, an naɗe shi da tsohon bargonka. Ya ce ranar Talata ka ɗora shi da hannunka, ka ce tafiya ta gaba, ko wane ne a sama, injin jakin nan zai bi shi.

Na ce, "To an tambayi masu gawa?"

Ya ce, "Wannan karon mai gawar ne da kansa ya ba da izini, Usta. Saura kafaɗa."

Na ce, "Ai Rifa'i ya ɗauke shi tun daga masallaci har kabari, kowa ya gani."

Ya ce, "Ka taɓa ganin Baba ya karɓi kafaɗar aro?"

Haka ka yi mini, Baffa. Ka zaɓi ranar da ba zan iya tsayuwa ba ka zo mini da kaya, don kawai in kasa biya.

Allah ya jiƙan ka duk da haka. Ya gafarta maka harshenka saboda waɗanda ka kai gida ba wanda ya san su. Ya yalwata maka kabari fiye da akwatin da kake cusa mana kaya, ya sa waɗanda ka raka su tarye ka. Hajiya Ni'imat, uwargidan Baffa, Allah ya ba ki ladan haƙurin zama da shi da na rashinsa. Allam, kai da ƙannenka mata, Allah ya dafa muku, ya tsare maka hanya, ya sa ka gaji motar ban da bakin.

Mai ɗori ya ce sai bayan salla zan taka. Daga ranar, idan motar ta tsaya ƙofar gareji ta yi hon, zan ajiye sifana in fito, ko wane ne a ciki. Allah dai ya sa siriri ne.