Ƙullutun Hantar Buaphan

Shekara arba'in Buaphan tana sayar da kifin gishiri a kasuwar ƙauyensu kusa da Khon Kaen, ba ta taɓa barin wani ya yi maganar ƙarshe ba. Ciwon hanta ne ya kashe mijinta. Saboda haka da aka ga ƙullutu a tata hantar, likita ta bi al'ada, ta faɗa wa Prayong, ɗan Buaphan, ita kuwa aka ce mata iska ce a ciki.

Iska! Prayong da ya shekara biyar bai leƙo daga Bangkok ba, shi ne zai ajiye tasi ɗinsa saboda iska? Ranar da ta ce masa kansa kamar kwakwa, ya amsa da "Haka ne, Inna," ta san inda aka dosa. Ta tsorata ƙwarai. Amma da yake ita ce, sai ta mayar da abin sana'a.

"Wayyo bayana. Prayong, jinkar nan tana yoyo."

Ya gyara jinka, ya yi shinge, ya dasa shinkafa, har tausa yake mata. Duk safiya sai ta ƙirƙiro sabon aiki, don kada ya tuna hanyar tasha.

Ranar babban hoto aka yi mata allurar wani ruwa mai ƙananan kumfa da ke haska hanta a na'ura. Ƙullutun lafiya yakan riƙe hasken, mugu ya sake shi da wuri. Nata ya haska, ya yi jim, ya dushe. Har hantar Buaphan gardama take yi. Dole aka tsakuro ɗan nama aka gwada.

Bayan mako biyu likita ta kira ta ita kaɗai, don labari mai daɗi mai shi ake faɗa wa.

"Kaka, ba ciwon daji ba ne. Tarin jijiyoyin jini ne, ya dai zo da kamar da ba tasa ba. Sai kin ga jikokin jikoki."

Buaphan ta rage murya. "'Yar nan, riƙe bakinki sai an girbe shinkafa. Zan aiko miki da tulun kifi."

"Ni ba na ƙarya, Kaka. Amma ke za ki faɗa masa."

Ta fito tana shirya irin tari da nishin da za ta yi. Ba ta ga Prayong a benci ba. A bayan inda ake ajiye babura ta same shi tsugune, ya cusa riga a baki don kada a ji kukansa. Ta tsaya tana kallonsa, sa'an nan ta maka masa jaka a ƙeya.

"Tashi, ƙaton banza. Ba mutuwa zan yi ba. Koma ka tuƙa motarka."

Ranar Lahadi ya hau bas. Ta ɗaga masa hannu tana zaginsa har motar ta sha kwana, sannan ta zauna a bakin titi ta yi kukan da ba ta yi wa hantar ba.