Katako Ɗaya Tsakanin Hadiza da Albarushi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana, Idi mai tabarau na unguwar Belleville, a Treichville. Ba kewa kaɗai ta sa ni wannan rubutu ba. Tsoro nake ji, kuma na rasa mai saurarona.

Kafin ya buɗe shagon tabarau, Yaya ya yi aiki a wani ɗakin gwaji a ƙetare, inda ake binciken kunna albarushin bindiga da hasken lesa. Aikinsa saita gilashin da ke tattara hasken. Ya sha gaya mana cewa in haske a baje yake, ɗumi kawai yake ba albarushi, amma in gilashi ya haɗe shi wuri guda kamar tsinin allura, kafin ka ƙifta ido ya tashi. Wata rana ya ɗan matsar da gilashin, ya manta ba a kwashe garin albarushin ba. Yatsu uku ya baro a can.

Tun daga nan bai sake yarda da gilashi a buɗe ba. Ko masallaci zai leƙa, sai ya lulluɓe tabarau duka da baƙin ƙyalle, wai kada rana ta ratsa su. Mu kuwa dariya muke masa, ni ce ma kan gaba, Allah ya yafe mini.

Yanzu 'yarsa Hadiza ta kama shago a unguwar Adjamé Liberté, ta sayi na'urar lesa tana zana sunaye a jikin zobba. Maƙwabcinta kuwa, kaf layin an san albarushi yake sayar wa maharba a ɓoye. Katako ɗaya ne tsakaninsu, shi ma duk huji. Da idona na ga hasken ya bugi zobe ya kauce ya sauka a bangon.

Na ce mata, "Da ubanki na raye, da hannunsa zai ja ki waje."

Ta ce, "Ça va aller, Gwaggo, ba abin da zai faru. Kin san shago ba ya samuwa a Adjamé."

Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba. Taka-tsantsan ya bari, kuma 'yarsa ta ɗauki iyawar hannunsa ta bar mini tsoron. Na je wurin maƙwabcin, ya ce Hajiya ki ji da harkarki. Na nemi mai gidan da ya ba su haya, wai ya yi tafiya.

Ɗazu da safe Hadiza ta kira ni, murna fal muryarta. An ba ta aikin zobban biki guda ɗari biyu. Daga gobe za ta kunna na'urar tun safe har magariba, mako guda cur.