Ranar da Mashin ɗin Kawu Tanko Ya Tsaya

Duk wanda ya zauna a Balan ya san cewa idan ka fito ka tarar da mashin ɗin Kawu Tanko a jingine a ƙofar gidanka, to ba wurinka ya zo ba, wurin maƙwabcinka ya zo. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ta canzawa. Zai kama birki tun daga gidan da ke kafin wanda ya nufa, mashin ya bi ta gaban masu gida yana ƙara kamar ana wasa wuƙa, Kawu ya jefa musu sallama daga sama, sai ya kai gida na gaba sannan ya tsaya. Daga nan ya sauko, ya karkaɗe riga, ya tako da ƙafa ya dawo a ƙarasa gaisuwa. In ka yi masa maganar birki, amsarsa ba ta wuce kalma uku: "Ai yana tsayawa."

Ni Sabo, ɗan yayarsa ne, kuma don abin kunyar ya cika, kayan mashin nake sayarwa a Gaya, ina kuma gyara. Sau nawa mai ciniki zai dube ni ya ce, "Kai da ka kasa gyara na kawunka?" Wallahi abin yana ci mini rai, amma ku da kuka san shi kun san ba a taɓa masa mashin. Jan tsoho ne ɗan Kwatano mai faifan birki a ƙafar gaba, ya girmi duk 'ya'yana. Da shi yake zuwa gona, da shi yake cin kasuwa, kuma da shi yake zuwa Gafasa kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya duba Inna mahaifiyata wadda ƙafa ta hana fita. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Yakan kai mata ƙullin goro da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, su yi ta musu har la'asar sakaliya.

Akwai shekarar da ya shiga ɗaukar karatu wurin liman kullum da yamma. Gidan da ke gaba da na liman kuwa na wata bazawara ce, Lami. Wata guda cur mashin ɗin Kawu na jingine a ƙofarta. Rannan sai ga yayyenta biyu sun zo masa da manyan riguna, aka gaisa, sannan babban ya gyara murya.

"Malam Tanko, kullum muna ganin mashin a ƙofa, amma har yau ba mu ga manya ba."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ni wurin liman nake zuwa. Wanda ke zuwa wurin ƙanwarku ga shi can a jingine a inuwa, ku je ku tambaye shi."

Ƙaramin ya ce, "To in shi ne yake so, ka ce masa ya turo."

Kuna tsammanin wannan ya sa ya gyara birkin? Ina. Hanya ya canza, ya riƙa zagayowa ta bayan gari don mashin ya tsaya a ƙofar wanzami.

Wadda ta iya da shi ita ce 'yarsa Binta, tobashiyata, ma'aikaciyar jinya a nan Gaya. Wata ranar kasuwa ya ce bari ya biya ya gaishe ta a wurin aiki. Ya kama birki, ya wuce ƙofar asibitin yana ɗaga mata hannu, ya je ya shige cikin tulin kankanar wani bawan Allah. Da ta rugo ta gan shi kwance, riga ta yi jawur, sai da ta ɗora hannu a ka, ta zaci jini ne. Shi kuwa yana cire 'ya'yan kankana daga gemu yana cewa mai kayan, "Kai ma ka kasa kaya a bakin hanya."

Binta ta wuce wurin mashin. Ta zare mukulli ta jefa a jakarta.

"Baba, ko dai a sa sabon birki, ranar Juma'a ka tsaya daidai inda ka nufa a gaban idona, ko kuma ka hau mashin ɗin nan na ƙarshe. Zuwa wurin Gwaggo kuma, wata-wata na ɗauko maka ɗan sahu."

Kawu ya bi jakar da kallo. Ya san Binta ba ta magana biyu, ya kuma san Inna ba za ta jure wata guda ba ta gan shi ba. Da kansa ya turo mashin ɗin har shagona.

Da na kwance ƙafar gaba sai da na yi salati. Takalman birkin, waɗannan 'yan fale-falen biyu da ke matse faifai, babu abin da ya rage a jikinsu sai ƙarfe tsirara. Faifan kuwa ya siraɗe, ya karkace, ya yi layi-layi kamar kunyoyin gona.

Kawu ya leƙa ya ce, "Wannan na dama da sauransa. Ba ni ƙwaya ɗaya."

"Kawu, bibbiyu ake sa su."

"Saboda ku sayar da biyu."

Na baje masa iri uku a kan benci. Na ce wannan mai laushi ne, yana kamawa da kyau, ba ya cin faifai, sai dai yashi da lakar damina na saurin cinye shi. Wannan mai tauri ne, da garin ƙarfe a ciki, yana daɗewa amma shi ke cin faifai. Wannan kuma tsaka-tsaki ne, shi ya dace da tsohon mashin da ke bin hanyar ƙauye. Kawu ya ɗauki kowanne ya sinsina, ya sa farce ya karce, sannan ya kai na farko baki ya gwada da sauran haƙoransa.

"Wannan ai ƙuli-ƙuli ne. Ba ni mai taurin."

Na ce, "Kawu, mai taurin kai ɗaya ya ishi mashin ɗin nan."

Ya harare ni, har na fara neman hanyar gudu. Sai kawai ya tuntsire da dariya ya tura mini na tsakiyar.

Rigimar gaske a kan faifai aka yi ta. Ya ce in juya shi, ai ɗaya fuskar ba ta yi aiki ba. Na nuna masa duka fuskokin biyu ake ci. Ya ce to a kai wa maƙeri ya buge shi ya miƙe. Na ce in aka ɗora sabon takalmi a kan wannan, kafin kaka ya cinye shi, kuma Binta za ta ji ƙara. Sunan Binta ne ya sa ya sauko. Na ɗauko sababbi biyu masu faɗi ɗaya da ramukan noti daidai da nasa, ɗaya mai nauyi, ɗaya marar nauyi mai ƙyalli, na ce mai nauyin ne na kirki.

"Mai sayarwa ba ya ba da shaida," in ji shi.

Ya maƙale su a hammata ya ratsa kasuwa, ina biye da shi kamar wanda aka kama da sata, har layin masu tukwane. Akwai wata tsohuwa a can, Iya Mai Tukwane, wadda in ta ƙwanƙwasa tulu sau ɗaya za ta gaya maka ko ya gasu. Ya miƙa mata ya ce, "Iya, duba mini waɗannan." Ko tambaya ba ta yi ba. Ta rataya kowanne a yatsa, ta buga da cokali, ta kara kunne. Mai nauyin ya daɗe yana amo, mai ƙyallin ya ce ƙwaf ya yi shiru.

"Wannan ya gasu. Wancan ɗanye ne, kada ka zuba masa ruwa."

Kawu ya juyo gare ni da fara'a ya ce, "Ka gani? Sai da aka zo wurin masana."

Na ɗaura komai, na gyara birkin baya ma, na zuba sabon mai, Binta kuma ta aiko da mukulli don gwajin Juma'a. Na roƙe shi ya ɗan zagaya filin makaranta yana kamawa a hankali, don takalmin ya zauna a faifan, hannunsa kuma ya saba. Ya ce tun ina tsumma yake kan mashin, ba ni zan koya masa ba.

Ranar Juma'a Binta ta riga mu zuwa Gafasa, ta tsaya a ƙofar gidan Inna. Ni na hau bayansa a matsayin shaida. Tun daga Balan har muka shiga Gafasa Kawu bai taɓa birkin nan ko sau ɗaya ba. Da giya yake rage gudu, da ƙafa yake kauce wa awaki. Na ce, "Kawu, ka gwada mana." Ya ce, "Sabon birki ne, kada ya ƙare."

To, gidan da ke kafin namu na Malam Idi ne, abokin Kawu tun suna kiwon awaki. Shekara goma sha ɗaya ba sa ga-maciji. Mashin ɗin ne ya taɓa take masa zabuwa, Malam Idi ya ce a gaban jama'a ko jaki ya fi wannan ƙarfen hankali, shi in an ce tsaya yana tsayawa. Kawu ya biya zabuwa, amma zagin mashin bai yafe ba. Tun daga ranar, in zai wuce ƙofar sai ya kau da kai.

Muna isowa daidai ƙofar Malam Idi, hannun Kawu ya yi abin da ya saba. Ya damƙe birki da duk ƙarfinsa. Mashin ya tsaya cak. Hancina ya daki ƙeyarsa, hularsa ta yi gaba ta faɗa kan tabarma, a gaban gwiwar Malam Idi, wanda ke zaune yana jan carbi.

Ga Binta can taku ashirin a gabanmu, ta harɗe hannu.

"Baba, nan ka nufa?"

Na ji bayan Kawu ya sandare. In ya ce a'a, mukulli ya tafi. In ya ce e, ga wanda ke zaune. Ya dubi Binta, ya dubi ƙofar Inna.

"Dama nan na nufa."

Ya sauko a hankali, ya kafe mashin, ya cire takalmi.

"Salamu alaikum, Idi."

Malam Idi ya ɗauki hular, ya karkaɗe ta, ya miƙa masa.

"Wa alaikumus salam, Tanko. Ashe jakin ya koyi tsayawa."

Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Sai na ga kafaɗun Kawu na rawa. Dariya suke yi su biyu, har da hawaye, Malam Idi na matsa masa wuri a tabarma. Binta ta dube ni, ta dubi hancina da ya fara kumbura, ni kuwa na shiga duban sama. Ta san komai. Ta zo ta durƙusa ta gaida Malam Idi, ta ce, "Baba, tunda zumunci aka zo, mukulli naka ne."

Da yake Kawu ba ya son a kama shi da ƙarya, dole kowace Juma'a ya tsaya a ƙofar Malam Idi don ya tabbatar da maganarsa. Su sha fura, su yi gardamar da ta taru musu, sannan ya turo mashin zuwa wurin Inna. Shekara uku ana haka, har ciwon da bai fi na kwana biyar ba ya ɗauke shi bayan an gama girbin gero.

Malam Idi ne ya yi masa wanka. A wurin zaman makoki ya jawo ni gefe, ya riƙe hannuna.

"Sabo, na san birki ne ya tsayar da shi rannan. Ni ma ba iska nake sha a ƙofa ba. Shekara goma sha ɗaya ina fito da tabarma duk Juma'a daidai lokacin wucewarsa, na rasa ta inda zan fara."

Tun rasuwar ban yi kuka ba sai a nan.

Allah ya jiƙan Kawu Tanko, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya ba Inna da Malam Idi haƙurin rashinsa. Yadda ya sauko ya yi sallama aka matsa masa wuri, Allah ya sa haka aka karɓe shi a can. Amin.