Akwatin Yaya Habu Ba Ya Cewa Babu

Kun dai san Yaya Habu da zama a kan hannuwansa. Wallahi ba ƙari! Zai tare mutum a kasuwar Ɗambatta, ya buɗe shafin intanet da ya gina wa ƙungiyar manomanmu, ya miƙa masa waya ya ce, "Nemo min takin gero a akwatin nan." Sai ya danne tafukansa da cinyoyi don kada ya yi nuni. Bawan Allah na gumi, shi yana kallo.

In ce, "Yaya, taimaka masa mana!"

"In na taimake shi yau, gobe ni zan bi shi gona?"

Abin da ya tsana a duniya shi ne akwatin nema ya ce babu. Cewa yake, "Ka taɓa jin ɗan kasuwar kirki ya ce babu? Kujera zai ba ka, ya ruga shagon maƙwabci." Haka ya koya wa nasa akwatin: in abu bai samu ba, ya kawo makamancinsa.

Taurin kai kuwa, sai dai a yi shiru! Damina ta kawo kai, shugaban ƙungiya na ta sintiri: "Habu, a buɗe wa manoma shafin nan!"

Shi kuwa ya ce, "Alhaji, sai Inna ta samo maganin akuyarta da kanta a ciki."

Inna mahaifiyarmu ba ta rubutun boko, don haka ya sa a iya nema da baki. Ta karɓi waya: "Salamu alaikum. An wuni lafiya? Ya iyali?" Kafin ta iso kan akuya, na'ura ta gaji ta daina saurare.

Na ce, "Haba Inna, ai ba a gaida waya!"

Yaya ya harare ni. "Uwata za ka koya wa rashin ladabi? Na'urar ce za ta koyi tarbiyya!"

Ya naɗi muryarsa tana amsa gaisuwa, ya sa akwati ya jira a gama. Ran da Inna ta samo maganin, har rawa ya taka. Yau manoma har Tofa na gaisawa da yayana kafin su nemi iri, kuma ina taƙama da shi.

Bayan rasuwarsa na iske Inna a tsakar gida da wayar. Ta gaishe shi, ya amsa. Ita da ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, ta ce, "Habu nake nema."

Muryarsa ta ce, "Ba ya kusa, amma zauna, ga makamancinsa."

Inna ta ɗago ta dube ni.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ya iske abin da yake nema.