Kofi Ɗaya a Rana

Ranar Litinin, shida ga watan Maris, shekara goma sha ɗaya ke nan, Akawu ya fara haɗuwa da Mai Agogo. Agogon Akawun ne ya tsaya da safe, shi kuwa mutum ne da ba ya buɗe rajistar ɗakin kati na asibiti sai ya rubuta lokaci a saman shafi. Da aka tashi hutun rana sai ya tsallaka titi zuwa wata rumfa da ke kallon tagar ofishinsa, inda wani dattijo siriri ke zaune da ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya.

Dattijon ya kara agogon a kunne, ya buɗe bayansa, ya yi tsaki. "Kai ka sa masa man keke?"

"Ɗigo ɗaya ne, Baba."

"Ɗigo ɗaya! Allah ya sa ba haka kake yi wa marasa lafiya ba."

"Ni kati kawai nake bayarwa."

"To, sun tsira."

Daga ranar suka saba. Abin da ya ja Akawu shi ne teburin mutumin. Farin ƙyalle ne a shimfiɗe, ƙananan sukundireba a jere bisa tsawonsu, hantsaki a gefen dama, sukurori kamar ƙwayar yashi kowanne a cikin marfinsa. Hannunsa kuwa ko iska ba ta kaɗa shi. Kowace safiya yakan sha gahawa kofi ɗaya, ya wanke kofin, ya goge, ya kife shi a kusurwar teburi. In an yi masa tayin ƙari sai ya ce, "Ni kofi ɗaya nake sha a rana. Mai wannan aiki ba ya wasa da hannunsa." Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa biyu ne: babban ɗa, wanda ake kira Manaja ko da yake ba wanda ya taɓa ganin abin da yake manajansa, sai mace, Auta, mai koyarwa a makaranta.

A shekara ta takwas da sabonsu mantuwa ta fara shigar dattijon. Yakan tambayi Akawu ya iyali sau uku a zama ɗaya. Wata rana ya tsaya a bakin titi ya rasa ko gida zai nufa ko rumfa. Amma da zarar an aza masa agogo a kan farin ƙyallen nan, sai hannun ya kama aiki kamar babu abin da ya same shi. Bai san ranar da ake ciki ba, amma ya san gurbin kowane sukuru. Abin da ya rage masa ke nan, Akawu kuma ya san haka. Sai ya buɗe masa kati, ya samar masa ranar ganin likita, ya kira Manaja ya faɗa masa.

Manaja ya zo da takalmi yana ƙyalli, ya zaro waya ya tura ta gaban hancin Akawu. "Duba nan. Masana sun gama magana. Tsofaffi masu shan gahawa ba sa kamuwa da ciwon mantuwa."

Akawu ya karanta a tsanake. "Ba su cika kamuwa ba aka ce. Kuma Baba ai ya riga ya..."

"Akawu, tsaya a kan katinka. So kake in jera ubana a layin asibiti, gari ya ɗauka uban Manaja ya taɓu? Maganinsa na gida."

Ranar ganin likita ta zo ta wuce. Akawu ya rubuta "bai zo ba" a katin. Sau uku yana rubuta hakan.

Maganin gida ya kankama. Da safe matar Manaja ta cika fulas ta aiko da shi rumfa. Da rana Manaja ya biyo da nasa. Da yamma Auta ta tsaya a hanyarta ta dawowa daga makaranta, ita ma da nata, domin an ce mata umurnin masana ne. Dattijon kuwa duk kofin da aka miƙa masa sai ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Madalla. Ni kofi ɗaya nake sha a rana." Ya manta ya sha na ɗazu. Kowane kofi a wurinsa shi ne na farko.

Ta tagar ɗakin kati Akawu ke ganin komai. Ya samu ƙaramin littafi ya riƙa jan layi duk lokacin da kofi ya kai bakin dattijon. Bakwai. Tara. Wata Talata, goma sha ɗaya, ban da wanda ake ba shi a gida.

Kafin wata biyu hannun ya fara rawa. Hantsaki ya riƙa karkarwa, sukurori suna tsalle suna ɓacewa a ƙasa. Ya karce fuskar agogon wata ma'aikaciyar jinya, ya zauna yana kallon yatsunsa kamar na wani ne aka ara masa. Farin ƙyallen ya cika da da'irori masu launin ƙasa. Fulas ɗin kuwa ba mai wanke su, kowa zubawa kawai ya iya. Akawu ya buɗe ɗaya wata rana, warin tsamin madara ya buge shi har sai da ya kau da kai ya tofar. Ya sake tarar Manaja da littafinsa a hannu.

"Ka ga rawar hannun nan?" in ji Manaja. "Ciwon ne ke ƙaruwa. Sai an ƙara masa gahawa."

A wata na huɗu Manaja ya rufe rumfar, ya mai da uban gida.

Wata biyar Akawu yana aika gaisuwa ana ce masa da sauƙi. Ranar wata Asabar da hantsi ya tafi da kansa. Falon gidan tas, talabijin na ta ihu. Aka nuna masa ɗakin baya. Tun daga bakin ƙofa zarni ya tare shi, domin mai shan abin nan haka ba ya rabuwa da fitsari, dattijon kuma ba kullum yake tuna hanyar banɗaki ba. Kofuna shida a ƙarƙashin gado, uku sun yi kore da furfura a ciki, tururuwa ta yi musu layi. Ƙuda na yawo a bakin fulas. Mutumin da ke goge kofinsa ya kife yana zaune a kan katifa mai danshi, gaban rigarsa ya ƙandare da abin da hannunsa ya zubar, idanunsa jajawur don rashin barci. 

Akawu ya dawo falo ya tarar Auta ta zo. Bai ɗaga murya ba, littafin ya buɗe ya miƙa mata.

"Goma sha ɗaya?" Ta dafe ƙirji. "Ni fa biyu nake ba shi!"

"Ni uku," in ji matar Manaja.

"Yaya, kai fa?"

Manaja ya ce ai shi ba ya ƙirgawa, alheri ba a ƙirga shi.

"Tir da wannan alheri," in ji Auta. "Ka shiga ɗakin nan yau? Ka shaƙi abin da ke ciki? Ko takalminka kake jin tsoro ya ɓaci?"

Ranar Alhamis Auta ta kai mahaifinta asibiti. Likita ta saurari labarin har ƙarshe ta ajiye biro. Ta ce ko binciken da ake faɗa, lura ce aka yi da masu lafiya da ke sha daidai gwargwado, ba wanda ya ce magani ne ga wanda ya riga ya kamu. Ta sa a riƙa rage masa a hankali har ya koma kofinsa ɗaya. Auta ta ɗauke shi zuwa gidanta.

Cikin mako shida rawar hannun ta tsaya. Akawu ya je neman kayan aikin, aka ce masa an share su cikin shara ranar da aka kwashe rumfar, yanzu rigunan waya ake sayarwa a wurin. Sai ya sayi ƙaramar sukundireba da hantsaki, ya sa matarsa ta wanke farin ƙyalle ta goge. Ya shimfiɗa a gaban dattijon, kusa da kofinsa na safe, ya kwance agogonsa ya aza.

"Baba, ya tsaya."

Dattijon ya ɗauki agogon. Hannun tsaf, kamar dā. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ajiye. Ya ɗauki sukundirebar ya dube ta, sannan ya tsoma ta a kofin ya shiga motsa gahawarsa.

Kusan wata bakwai kafin ranar nan hannun bai taɓa agogo ba, bai kuma sake taɓawa ba. Mai Agogo ya ƙara shekara biyu a gidan Auta, cikin tsabta, yana shan kofi ɗaya da safe. Ya rasu ranar Laraba, sha huɗu ga watan Nuwamba, da ƙarfe goma saura kwata na safe. Akawu ya rubuta ranar a katin ya rufe shi. Manaja kuwa har yanzu yana tura wa mutane saƙon nan a waya.