Wayar da Sashe Ya Ƙi Wankewa

In ka bi layin masu gyara, ka wuce shagon tela da na mai faci, za ka tarar da wani ɗan akurkin shago mai akwatin gilashi cike da gawarwakin wayoyi, da benci a ƙofa wanda ƙafarsa ɗaya bulo ce. Mai shagon shi ake kira Sashe. Gyaran waya ne sana'arsa, kuma ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Amma duk layin babu mai gajiyayyiyar waya irin tasa: fuska a tsage, baya a ɗaure da roba, in aka kira shi sai ta yi dogon tunani kafin ta yi ƙara. Masu kawo gyara kan ce, "Lallai wanzami ba ya son jarfa." Shi kuwa sai ya yi murmushin yaƙe ya mayar da ita aljihu. Da can ba mutumin da za a tsokana ya yi shiru ba ne.

Yana saurayi ya taɓa zama masinja a ofishin wani lauya, yana goge tebur yana kai takardu kotu. Bai daɗe ba aka sallame shi, saboda ya fara gyara wa maigidan magana a gaban baƙi. Abin da ya fito da shi a matsayin garatuti kalma ce guda: sashe. Tun daga nan ko ƙuda ya faɗa masa a shayi sai ya ce akwai sashen doka da ya yi magana a kai. Wane sashe? To, nan fa ɗaya. Lambar da ya faɗa da safe ba ita zai faɗa da yamma ba. Matarsa ma ta koyi abin. In ya shigo sai ta ce, "Ranka ya daɗe, sashe na nawa ne ya ce a bar takalmi a tsakiyar ɗaki?"

Bencin ƙofar shagonsa shi ne kotunsa. Zaunannun alƙalai biyu ne: Tela, wanda ke goyon bayan duk wanda ya yi magana a ƙarshe, da Kofur, tsohon soja mai gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa. Kullum shari'a ake, ba a taɓa yanke hukunci ba. Yau ko ɗan sanda na da ikon buɗe wayar mutum a kan hanya. Gobe in caja ta ƙona waya, wa zai biya, mai caja ko mai wuta. Amma wadda ta fi zafi ita ce ta aikin soja. Sashe ya dage cewa duk saurayin da ya isa a kama shi a sa masa kaki, ko yana so ko ba ya so.

"Kai ɗin?" in ji Kofur. "Ran nan da tayar mai faci ta fashe, wa muka zaƙulo daga ƙarƙashin tebur?"

"Sukurun waya nake nema."

"Da idonka a rufe?"

Sashe yana da yaya guda, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, kowa a layin Yaya yake ce mata. Kayan miya take sayarwa a bakin kasuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya ne, Dogo. Dogo ya gama makaranta, aiki ya ƙi samuwa, sai ya zama ɗan kallo a kotun benci. Abin da kunne ya yi ta ji, zuciya takan ɗauka. Da aka buɗe ɗaukar sojoji, Sashe ne da kansa ya cike masa takardar neman aikin a waya, yana dannawa yana wa'azin kishin ƙasa.

Yaya ta zo shagon, mayafi a hannu. "Ban yarda ba."

"Yaya, yaron nan ya kai shekarun da doka ta ba shi 'yancin kansa. Ba ki da hurumi."

"Hurumi? Lokacin da nake wanke maka kashi, wane sashe ne ya ba ni hurumi?"

Benci ya tuntsire da dariya, har Dogo. Amma dariya ba ta hana tafiya ba. Dogo ya sa kaki, aka tura shi can inda ake harbi.

Kowa rubutu Dogo yake yi masa a waya, sai uwarsa, da yake ba ta karatu, ita yake aiko wa saƙon murya. Ta riƙa kunna su a rumfa tana auna tumatir, har maƙwabtanta suka haddace. Sau ɗaya tak ya aiko wa kawunsa murya, wata rana da hantsi, Sashe na tsaka da liƙa fuskar wata waya. Farkon saƙon tsokana ce da dariya. Can sai muryar ta yi ƙasa.

"Kawu, kai da ka san doka. In mutum ya ji ba zai iya ba, akwai hanyar da zai ajiye aikin nan ba tare da an ce ya gudu ba? Ba barci nake ba, Kawu. Don Allah kada Inna ta ji."

Gaskiyar magana ita ce Sashe bai sani ba. Kofur kuwa na zaune a ƙofa, tsawon hannu ne tsakaninsu. Amma mutumin da ya shekara yana kwance wa mutane doka, ya buɗe baki ya tambayi tsohon soja? Sai ya gyara murya ya danna.

"Ka sa hannu, doka ta ɗaure ka, babu sashen fita. Namiji ba ya ja da baya. Kada ka ba mu kunya."

Dogo bai sake ɗaga maganar ba. Damina ba ta ƙare ba wasu masu kaki suka yi sallama a ƙofar Yaya, huluna a hannu. Dogo ya rasu a bakin daga, can aka binne shi.

Bayan nan Sashe ya taɓa jefa tambayar a benci, kamar zancen wani. Kofur ya ce, "Akwai hanyar neman sallama mana. Tana da wuya, tana da jan ƙafa, wani a ba shi wani a hana, amma akwai. Wa ya ce babu?" Sashe ya sunkuya yana neman sukuru. A wannan karon idonsa a buɗe yake, bai dai ga komai ba.

Yanzu ga inda ɓarnar ta biyu ta shigo, kuma alheri ne ya kawo ta. Sashe yana da ƙa'ida a aikinsa. Waya in ta yi nauyi tana sanƙarewa, maganinta a wanke mata ƙwaƙwalwa, a mayar da ita kamar ranar da aka sayo ta. Kafin ya wanke ta kowa sai ya tambaya, "Akwai abin da kake so a ciki?" Har allo ya kafa a bango, cewa shago ba ya ɗaukar alhakin abin da ya ɓace a waya. To amma wannan ƙa'idar ta baƙi ce. Ɗan uwa ba a tambayarsa, gata ake yi masa.

Yaya ta kawo wayarta, bakin caji ya lalace. Ta ajiye ta ce bari ta leƙa rumfa ta dawo. Ya canja bakin cajin nan da nan. Da ya kunna sai ya ga wayar na jan ciki kamar tsohuwar akuya. Tun rasuwar nan yake neman abin da zai yi wa Yaya ya ji sanyi a ransa, ga shi ya samu. Ya wanke ta tas, ya goge gilashin, har ya ƙara mata sabuwar riga kyauta.

Ta dawo, ya miƙa mata yana washe baki. "Yaya, na mayar miki da ita amarya."

Ta karɓa, yatsanta ya tafi inda ya saba zuwa. Ta danna. Ta sake dannawa. "Ina Dogo?"

Garin gyaran gira an rasa ido. Bai san sanda ya fizge wayar ba. Ya bincika sama, ya bincika ƙasa: ba katin ajiya a ciki, ba a taɓa adana komai a wani wuri ba. Wa zai adana mata? Shi ne mai gyaran wayar gidan. Yaya ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta karɓi abarta ta ƙulle a bakin zane, ta ce, "Sannu da aiki," ta tafi.

Ya kai maganar wurin manyan masu gyara na cikin gari, kowa ya girgiza kai. Ya bi abokan Dogo ɗaya bayan ɗaya, duk rubutu gare su da hotuna. Kotun benci kuwa ta samu shari'a sabuwa fil.

"A doka ka fita," in ji Tela. "Ga allo nan a bango, ɓaro-ɓaro. Ko ƙara ta kai ka ba ta da nasara."

"Ai kuwa," in ji Kofur. "Ciro allon ka kai mata, ta kara a kunne ta ji ko zai ce mata Inna."

Tela ya ce shi ma abin da yake nufi ke nan.

 Hannun Sashe na cikin aljihu, a kan wayarsa. Duk duniyar nan muryar Dogo a wuri ɗaya ta rage, kuma shi ya san wurin. In ya ba Yaya, ya mayar mata da ɗanta. In ta ji har ƙarshe, za ta san ɗan nata ya nemi ƙofar fita, ta kuma tambayi wanda ya rufe ta.

Mai sana'a ba ya rasa dabara, ko da ta banza ce. Ya zauna ya yanke saƙon daidai inda dariya ta ƙare, ya ware rabin mai daɗi, ya nufi gidan Yaya da la'asar. Ya same ta a tsakar gida tana tsince tumatir masu ruɓewa daga kwando. Ba ta ba shi kujera ba, ya tsuguna.

"Yaya, na samo wani abu."

Ya kunna. Muryar Dogo ta cika gidan: "Kawu Sashe, babban lauyan da bai taɓa cin shari'a ba! Ka gaya wa Kofur takalmin nan da yake mana kuri da shi, ashe gidan ƙaiƙayi ne." Ga dariyar nan tasa mai kama da shaƙuwa. Sai shiru.

Tumatir ya suɓuce daga hannun Yaya. Ta ce a sake. Ya sake. Ta share ido da bayan hannu, ta ce a ƙara. Sashe ya fara jin numfashinsa na dawowa. Sai ta ɗago kai.

"Ina sauran?"

"Iyakarsa ke nan."

"Ni za ka yi wa lauyanci? Yaron nan tun yana koyon magana bai taɓa rufe zance bai ce a gaida wani ba. Ko aike ya dawo sai ya ce mai shago na gaishe ni, alhali mai shago bai ce ba. Nan an datse masa baki. Wa ya datse?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sashe ya lalubo cikakken saƙon, ya ajiye wayar a kan tabarma tsakaninsu, ya janye hannunsa kamar ta yi zafi. Dariyar ta wuce, muryar ta yi ƙasa. Ba barci nake ba, Kawu. Don Allah kada Inna ta ji. Can a ƙarshe, a hankali: "To, a gaida mutanen benci."

Yaya ta ture kwandon gefe.

"Me ka ce masa?"

Ya buɗe baki, babu sashe ko ɗaya a ciki.

"Ba da bakinka na yau ba," in ji ta. "Kunna amsar da ka ba shi."

Ya kunna. Bai taɓa jin muryarsa haka ba, cike da isa, kamar mai karanta hukunci. Babu sashen fita. Kada ka ba mu kunya.

"Gaskiya ne? Babu?"

"Akwai, Yaya. Ban sani ba a lokacin."

"Ba ka sani ba."

"Ban sani ba."

"Ka ga kalmar ba ta da nauyi," in ji ta. "Ga shi ka ɗauke ta har sau biyu, bayanka bai karye ba."

Ya so ta zage shi, ya so ta jefe shi da kwandon. Sai kawai ta kwance bakin zane ta miƙo wayarta.

"Sa min nasa. Dukansa, har da inda ya ce kada in ji. Ɗana ne, da dariyarsa da tsoronsa."

Ya tura mata. Ya adana shi a kati, ya sake adanawa a wani wurin, aikin da ya kamata ya yi tun Dogo na da rai. Da ya miƙe zai tafi, ta ce, "Naka kuma ka riƙe abinka. Kada in ji an ce ka wanke."

Yaya ba ta yanke zumunci da shi ba. Tana aiko masa da tumatir in sun yi araha, in sun haɗu tana amsa gaisuwarsa. Sai dai ta daina yi masa ba'a, kuma duk wanda ya san Yaya ya san wannan ba ƙaramin hukunci ba ne.

Allon ya sauka daga bango, yanzu shi ke tare ƙofa kada iska ta rufe ta. Kotun benci na nan tana zama. Kwanan baya wani mai babur ya tsaya yana huci, wai an sayar masa da batir na jabu, ya ce, "Sashe, doka me ta ce?" Sashe ya ce, "Ban sani ba, amma bari mu tambayi wanda ya sani." Tela ya kusa haɗiye allura.

Wayar kuwa kullum ƙara nauyi take. Saƙo ya cika ta, tana sanƙarewa, tana zafi a aljihu. Shi ya fi kowa sanin maganinta, aikin da ba zai ɗauke shi shan kofin shayi ba. In wani ya ce, "Haba mai gyara, ka wanke ta mana," sai ya ce akwai abin da yake so a ciki. Ƙarya yake, ba so yake ba. Riƙewa aka ce ya yi.